Faɗi-ka-mutu

Su shida ne ranar da suka shigo gidanmu,
a kwandon Mati kuku, naɗe da tsohuwar jarida.
Baturen da ya yi wa girki shekara goma sha ɗaya
ya kama hanyar garinsu,
ya bar masa farantan, da agogon da ba ya tafiya.
Mati ya aza kwando a ka.
Tun daga Bariki har Rafin Daɗi
bai bar ko ɗan akuya ya gifta gabansa ba.

Kakata Tasalla ta kifa ɗaya ta duba gindinsa:
hular sarauta, da rubutun da sai an kira ɗan makwabta.
A fuskarsa zane ne shuɗi, kamar da allura aka ɗebo baba:
gada, itace mai sunkuyar da kai,
tsuntsaye biyu sun buɗe fiffike.
Ta ce, "Garinsu ke nan?"
Ya ce, "Ina! Su ma aro suka yi,
daga gabas, can gaba da Makka."

Shi ya gaya mata wai da tokar ƙashin sa ake kwaɓa yumɓun,
shi ya sa in an ɗaga shi ga rana
ake ganin inuwar yatsu.
Ta yi dariya har da riƙe ciki:
"Ashe dangi ne!
Mun ba su fata, mun ba su gyaɗa buhu-buhu,
jirgi ya kai Ikko, ruwa ya haɗiye,
ga shi sun maido mana ƙashi,
fari fat, da tsada."

Ba a taɓa cin komai a cikinsu ba.
Tuwo yana akushi, fura tana ƙwarya.
Su suna can saman kabad,
bisa kwalla, bisa tasa, bisa kumbo,
kamar baƙin da aka ba shimfiɗa suka ƙi tafiya.
In biki ya tashi a unguwa a zo aro,
a jera su a ɗakin amarya kwana bakwai,
mata su shigo da guɗa, su fita da gulma,
a maido, Tasalla ta ƙirga da leɓe.

Ɗaya ya je Unguwar Alkali bai dawo ba.
Salla uku ba ta gaisa da matar ba.

Ɗaya kuma ni ce.
Ina shekara bakwai na hau turmi,
so nake in lashi gadar in ji ko tana da zaƙi.
Bai mutu ba, rabewa ya yi.
Ba ta dake ni ba, da ma ta daka.
Ta jiƙa ƙaro ta haɗa shi,
ta mayar da shi can baya, inda ido bai kaiwa.

Bana, bayan addu'ar arba'in ɗinta,
wani dillali ya zo daga 'Yar Kutungu,
Barau sunansa, da tabarau mai ƙafa ɗaya.
Ya ɗalle su da farce, huɗu suka amsa,
siririyar murya, doguwa, kamar ƙarshen kiran salla daga nesa.
Ya ɗauki hoto da waya, ya tura, aka ba shi farashi.
Ya ce komawa za su yi inda suka fito,
wani zai rataye su a bango.
Na ce, can ma ba a ci a ciki?
Ya ce ba a ci.

Nawa da ya ɗalla, tari ya yi.
Ya tura mini shi da bayan hannu.

Da la'asar na zuba masa soyayyar gyaɗa,
na zauna a bakin ƙofarta ina ɗauka ɗaya-ɗaya
har gada ta fito, da ɗinkin ƙaro ya ratsa ta.
Tsuntsayen suna nan.
Har yau ba su sami inda za su sauka ba.